Ƙaramin Kare Marar Gashi: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Ajiye Shi a Gida

Gabatarwa

Bahaushe ya san kare tun kaka da kakanni, amma a bakin aiki ya san shi: karen farauta, karen da ke bin garken makiyayi, da wanda ke gadin gona ko rumbu. A manyan birane irin su Legas kuwa akwai wani kiwon na daban, inda ake ajiye ƙaramin kare a cikin gida domin sha'awa kawai. Idan kana zaune a Oko-Oba ko wata unguwar Hausawa ta Agege, da wuya a ce ba ka taɓa ganin irin waɗannan ƙananan karnuka a hannun maƙwabta ba, ko yaranka su nuna maka hotonsu a waya. Daga cikinsu akwai wanda ya fi jan ido, wato ƙaramin karen da ba shi da gashi a jiki.

Wannan bayani an shirya shi ne domin malaman gona da manoma, musamman masu kiwo a cikin gari. Manufarsa ita ce ka iya bambance karen da aka haifa ba gashi da wanda cuta ta cinye wa gashi, ka san ɗawainiyar da ke tattare da ajiye shi, ka kuma kare iyalinka daga cututtukan da kare ke iya kawowa gida. Kuskure a nan yana jawo asarar kuɗi, wani lokaci ma asarar rai.

Ire-iren karnuka marasa gashi

Sanannun ire-iren karnukan da ake haifa ba gashi guda huɗu ne, kuma dukansu daga ƙasashen waje ake kawo su.

1. Karen Sin mai tukku, wanda masu kiwo ke kira Chinese Crested. Shi ne aka fi ajiyewa domin sha'awa. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 28 zuwa 33 ne, nauyinsa kuma bai cika wuce kilo 5 ba. Yana da dogon gashi a ka kamar tukku, da wani a ƙafafu da wutsiya, sauran jiki kuwa fata ce zalla. Duk da sunan Sin da yake ɗauke da shi, masu kiwo a Amurka da Ingila ne suka daidaita irin a ƙarni na 20. Ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka ta amince da shi a 1991.

2. Karen Meziko, wanda ake kira Sholo a taƙaice. Mutanen ƙasar suna kiwonsa tun kafin zuwan Turawan Sifen. Girmansa hawa uku ne: ƙarami, matsakaici da babba.

3. Karen Peru marar gashi. Shi ma daɗaɗɗen iri ne, har gwamnatin ƙasar ta sanya shi cikin kayan gadon ƙasa a 2001.

4. Karen Amurka marar gashi. Asalinsa wata 'yar kwikwiyo ce da aka haifa a jihar Luwiziyana a 1972.

Karnukanmu na gida duka masu gashi ne. Saboda haka, idan ka ga kare ba gashi yana yawo a titi ko a bakin kasuwa, ka fara zaton cuta kafin ka yi zaton iri.

Dalilin rashin gashi

A 2008 masana a Jami'ar Bern ta ƙasar Suwizalan suka gano cewa sauyi a ƙwayar gado guda ɗaya, mai suna FOXI3, shi ke haddasa rashin gashi a karnukan Sin da Meziko da Peru. Kowane ɗan kwikwiyo yana gadar ƙwaya biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wanda ya gaji sauyayyiyar ƙwaya guda ɗaya zai fito ba gashi. Wanda bai gaje ta ba zai fito da cikakken gashi. Wanda kuwa ya gaji biyu ba ya rayuwa, tun a ciki yake lalacewa.

Manomin da ya taɓa adana irin masarar aure ya sake shukawa ya san cewa 'ya'yan ba sa fitowa bai ɗaya. Haka abin yake a nan. Idan aka yi barbarar kare da karya marasa gashi, a bisa lissafi cikin kowane 'ya'ya uku da suka zo da rai biyu ne za su kasance ba gashi, ɗaya mai gashi. Don haka ganin mai gashi a cikin 'yan'uwan kwikwiyo ba alamar ha'inci ba ne. Wannan lissafi kuma gargaɗi ne ga mai tunanin shiga kiwon domin riba.

Ita dai wannan ƙwayar gado tana da hannu wajen tsirowar haƙora. Shi ya sa waɗannan ire-ire uku sukan rasa wasu haƙoran gefe, waɗanda suka fito kuma sukan zube da wuri. Karen Amurka ya bambanta, domin wata ƙwayar gado ce daban ta hana shi gashi. Haƙoransa cikakku ne, kuma ana haifarsa da ɗan gashi mai laushi wanda ke kakkaɓewa cikin makonnin farko.

Yadda za ka bambance iri da cuta

Kada ka yi wa rogo kallon kitse. Cutar da ta fi raba kare da gashinsa a ƙasarmu ita ce ƙazuwa, wadda wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani ke haddasawa ta hanyar huda fata su zauna a ciki. Akwai kuma makero, wanda ke cin gashi ya bar tabo zagayayye kamar kwabo. Kafin ka miƙa kuɗi, duba waɗannan abubuwa:

1. Fata. Ta karen da aka haifa ba gashi sumul take, mai laushi, ba wari. Ta mai ƙazuwa takan yi kauri da ɓawo da ƙuraje, tana kuma wari.

2. Susa. Ka tsaya ka lura da shi na ɗan lokaci. Mai ƙazuwa irin wadda ke yaɗuwa ba ya hutawa da susa da cizon jiki.

3. Wurin da gashi ya ɓace. A karen iri, dama da hagu daidai suke. Ƙazuwa kuwa takan fara ne daga gefen kunnuwa, gwiwoyin ƙafafu da ƙasan ciki, ta bar gashi tsilli-tsilli ba tsari.

4. Iyaye. Ka nemi ganin uwar da 'yan'uwansa. A karnukan Sin da Meziko da Peru, dole ɗaya daga cikin iyaye ya kasance marar gashi.

5. Aski. Kwikwiyon da aka yi wa aski ƙwal, idan ka shafa jikinsa za ka ji kaushin tushen gashi ko'ina, kuma cikin 'yan kwanaki gashin zai fara dawowa.

Hanya mafi inganci ita ce ka kai shi wurin likitan dabbobi kafin a kammala ciniki. Zai kankari fata kaɗan ya duba a madubin likita. Muhimmancin wannan shi ne ƙazuwar kare tana sa wa mutum ƙaiƙayi da ƙuraje, makero kuma yana kama yara cikin sauƙi. Idan an tabbatar da cuta, kada ka shafa masa baƙin man mota, kada ka wanke shi da maganin feshin ƙwari irin su Sniper. Waɗannan guba ne da ke ratsa fata, kuma kare zai lashe su. Haka nan kada ka auna masa allurar shanu da ka. Abin da ya dace da sa mai kilo 300 ba ya aunuwa da ido ga dabba mai kilo 4.

Tambayi kanka kafin ka saya

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ga tambayoyi biyar da ya kamata ka amsa wa kanka.

Na farko, me kake so ya yi maka? Wannan kare ba ya farauta, ba ya bin garke, ba ya korar ɓarawo. Iyakacinsa ya yi haushi idan baƙo ya shigo. Idan gadin gona ko garke kake nema, karen gida ya fi shi ƙarfi da jure rana da sauƙin ciyarwa.

Na biyu, me addininka ya ce? Malaman Musulunci sun yi bayani mai faɗi a kan ajiye kare. Sun halatta shi domin farauta da kiwo da gadin gona, ajiye shi a ɗaka domin sha'awa kuwa magana ce da ya kamata ka kai wa malaminka tun kafin ka yanke shawara.

Na uku, ina za ka ajiye shi? Da yawa daga cikin mazauna Agege gidajen haya suke, inda ake tarayya a tsakar gida da madafa da wurin alwala. Sai da yardar mai gida da maƙwabta.

Na huɗu, za ka iya ɗaukar nauyinsa? Irin wannan kare yakan rayu fiye da shekara 12. Duk tsawon lokacin akwai kuɗin abinci da allurai da magani. Idan daga waje za a shigo da shi, sai da takardar izini da shaidar rigakafi, waɗanda jami'an hukumar killace dabbobi da tsirrai ta NAQS ke dubawa a tashar jirgi.

Na biyar, akwai mai asma ko borin jini a gidanka? Rashin gashi ba ya nufin ba zai tayar masa da ciwo ba, domin abin da ke tayar da shi yana cikin yawun kare da ɓurɓushin fatarsa.

Kula da fata da wurin kwana

Gashi shi ne rigar kare. Wanda ba shi da shi, kai ne za ka tsaya masa a madadinta.

Rana: Fatarsa tana ƙonewa kamar ta jariri, musamman idan fara ce ko ja-ja. Kada ka bar shi a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. A fita da shi da sassafe ko da la'asar sakaliya. Kada ka shafa masa man kare rana na mutane ba tare da shawarar likita ba, domin wasu na ɗauke da sinadarin zink da ke cutar da shi idan ya lasa.

Sanyi: Idan ka taɓa jikinsa za ka ji ɗumi sosai. Wannan ba zazzaɓi ba ne. Zafin jikinsa daidai yake da na kowane kare, wato digiri 38 zuwa 39, gashin da zai tare ɗumin ne babu. Saboda haka yana saurin jin sanyi. A damina kada ruwa ya doke shi a bar shi a jiƙe. Idan za ka tafi da shi Arewa lokacin hunturu, kamar Kano ko Zariya ko Jos, ka tanadar masa 'yar rigar auduga da bargo.

Wanka: Sau ɗaya a mako ko mako biyu ya wadatar, da ruwa mai ɗumi da sabulun karnuka marar ƙarfi. Kada ka yi amfani da sabulun wanki. A laimar Legas fatar takan yi maiƙo ta fitar da ƙananan ƙuraje masu baƙin kai, don haka kada ka yawaita mai. Idan fata ta bushe, ɗan man kaɗanya kaɗan ya isa.

Tsutsar ƙuda: Akwai wani ƙuda a ƙasashenmu masu laima da ke yin ƙwai a yashin da fitsari ko kashi ya ɓata, ko a kan tsumma mai danshi. Tsutsar takan huda fata ta zauna, wurin ya kumbura kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya. Kada ka bar shi ya kwanta a ƙasa. Ka yi masa shimfiɗa a kan katako, ka riƙa wanke tsumman kana yi masa guga, domin zafin dutsen guga yana kashe ƙwan.

Kaska da ƙuma: A nan rashin gashi ya yi rana, domin nan take za ka gan su. Oko-Oba wuri ne da ake sauke dabbobi daga Arewa kullum, kuma karnukan titi suna da yawa. Ka duba cikin kunnuwa da tsakanin yatsu kowace yamma. Kaska tana sa wa kare zazzaɓi mai shanye jini.

Abinci da hatsarin ɗanyen kayan ciki

Ɗan kwikwiyo a ba shi abinci sau huɗu a rana har ya kai wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu. Ƙananan ire-ire ba sa jure yunwa, jikinsu kan saki idan suka daɗe ba su ci ba. Za ka iya ba shi abincin karnuka na kanti, ko dafaffen nama, kifi marar ƙaya, ƙwai da shinkafa bisa ma'aunin da likita ya tsara maka. Tunda haƙoransa ba su cika ba, a yayyanka abincin ƙanana, kada a ba shi ƙashi mai tauri ko ƙashin kaza dafaffe. Ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa kowane lokaci.

Kada ka ba shi albasa, tafarnuwa, cakulan, inabi ko zabibi. Miyar da aka yi da albasa mai yawa ma ba ta dace da shi ba. Agege garin goro ne, to ka sani sinadaran da ke cikin goro irin na cakulan da kofi ne, kuma kaɗan ya isa ya galabaitar da ƙaramin kare. Magungunan mutane irin su farasitamol da ibufurofen suna iya kashe shi. Maganin ɓera kuwa a ɓoye shi inda ba zai kai ba.

Mazauna kusa da babbar mayankar Oko-Oba suna samun kayan ciki da araha, kuma a nan ne ake buƙatar taka-tsantsan. Wani lokaci za ka ga hanta ko huhun tunkiya, akuya, saniya ko raƙumi da wasu ƙulluka masu ruwa a ciki. Waɗannan 'ya'yan wata ƙaramar tsila ce. Idan kare ya ci su ɗanye, tsilar takan girma a hanjinsa, ƙwayayenta su riƙa fita ta kashinsa. Yaron da ya yi wasa da karen ya ci abinci bai wanke hannu ba zai iya haɗiye ƙwan, ƙullun ya tsiro masa a hanta ko huhu. Yakan ɗauki shekaru yana girma ba a sani ba, kuma sau da yawa sai an yi tiyata. Saboda haka, duk abin da jami'an duba nama suka ce a zubar, kada ka tsinto wa kare. Wanda aka amince da shi ma a dafa shi sosai.

Rigakafi

Rigakafi ya fi magani. Ga tsarin da likitocin dabbobi suka saba bi:

1. Maganin tsutsar ciki: daga mako biyu da haihuwa, kowane mako biyu har ya kai mako 12. Daga nan kowane wata har wata shida, sannan kowane wata uku.

2. Allurar haɗaka ta cututtukan kwikwiyo, ciki har da gudawar jini mai saurin kisa: ana farawa a mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16.

3. Allurar haukan kare: idan ya cika wata uku, sannan a maimaita kowace shekara.

Ka karɓi katin allura mai kwanan wata da sa hannun likita mai rajista, ka adana shi. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa allurar haukan kare. A Legas sai ka tuntuɓi sashen lafiyar dabbobi na Ma'aikatar Gona ta Jiha ko wani amintaccen asibitin dabbobi.

Kada ka ce ai ƙarami ne, ba ya fita. Rana ɗaya da aka bar ƙofa a buɗe ta isa karen titi ya cije shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tsira. Amma idan aka yi gaggawa bayan cizo, ana hana shi tasowa.

Idan kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, ga abin yi:

1. A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana har tsawon minti 15.

2. A sa aidin idan akwai. Kada a ɗaure ciwon tamau, kada a zuba barkono, toka ko wani haɗi.

3. A je asibiti a ranar domin a fara allurai, kuma a kammala su duka.

4. A killace karen kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi. Amma kada a jira ƙarshen kwanakin kafin a je asibiti.

Ka hori yaranka kada su ɓoye cizo don tsoron duka. Yaron da ya ɓoye ɗan ƙaramin rauni shi ne ya fi shiga hatsari. Ka kuma hana su matse karen ko ɗaukarsa da ƙafa ɗaya, domin ƙashinsa siriri ne, kuma kare da aka takura yakan kai cizo.

Aikin malamin gona

Malamin gona ba likitan dabbobi ba ne, amma shi ne mutane suka fi gani kuma suka fi tambaya. Idan aka zo maka da maganar kare marar gashi, ka duba shi da alamun da aka lissafa a sama, ka tura mai shi wurin likita. Idan ka sami damar yin magana a taron mahauta da 'yan kara, ko a fadar Sarkin Hausawa, ka ja hankali a kan zubar da gurɓatattun kayan ciki inda karnuka ba za su kai ba. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce Ranar Yaƙi da Haukan Kare ta Duniya, wadda aka fara a 2007. Ka yi amfani da ita wajen tattara masu karnuka a kai su allura. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar takan daina yaɗuwa a cikinsu.

Kammalawa

Ƙaramin kare marar gashi halitta ce ta gado, ba cuta ba, amma a unguwanninmu mai ƙazuwa ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Kada ka saya sai likita ya duba. Idan ka ajiye shi, ka kare fatarsa daga rana da sanyi, ka dafa masa abinci, ka yi masa allura a kan kari, ka kuma koya wa yara wanke hannu bayan sun taɓa shi. Idan ka auna ka ga ba za ka iya wannan ɗawainiya ba, barinsa shi ne alheri gare ka da iyalinka da dabbar kanta. Domin ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona ko likitan dabbobi mafi kusa da kai.